Wurin Tsohuwar Tasha

Ku da kuke ta cika min waya da saƙo kuna cewa, "Ke dai ki amsa wa Injiniya, me kike jira, irinsa ba kullum ake samu ba," ku nemi wuri ku zauna ku ji abin da ya faru jiya Alhamis. In kun gama ji sai ku sake ba ni shawarar. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin haushin kaina nake ji.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da takwas, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma ni ce sakatariyar kulob ɗinmu. Kulob ne na hidimar jama'a, inda likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa suke haɗuwa duk Laraba a zauren otal, a kaɗa ƙararrawa, a sha shayi, a yi musun awa biyu a kan makarantar da za a yi wa fenti. Kar ku yi dariya, muna aiki. Mun gina banɗaki a makarantu huɗu, mun raba wa tsofaffi tabarau. Duk abin da aka faɗa a zauren nan ni nake rubutawa, ni nake bugawa, ni nake sa hannu a ƙasa.

A can Injiniya ya gan ni, wata bakwai ke nan. Dogo ne, ga tsafta har ta yi yawa, irin mutanen da suke goge takalmi da tishu kafin su shiga motarsu. Shi ne shugaban kwamitin ayyuka na kulob. Ba ya ɗaga murya, ba ya makara, ba ya manta ranar da Mama take ganin likitan ƙafa. Mama tun ranar da ya fara zuwa ya durƙusa ya gaishe ta, ta gama ɗaura auren a ranta. Ni ce dai na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Da aka matsa min na ce "to", irin "to" ɗin da mutum yake faɗa don a bar shi ya sha iska, sai kawai na ji an tsayar da gobe Asabar iyayensa za su zo su ga Baba.

Shi Baba kuwa da tasha aka kama shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar jirgin ƙasa ta garinmu, daga mai ɗaga tuta har ya zama shugaban tasha. Yau shekara goma sha ɗaya rabon da jirgi ya tsaya a wurin, ciyawa ta cinye layin dogo, amma kullum ƙarfe bakwai Baba zai ɗauki fulas ɗin shayinsa ya tafi. Shi da tsofaffin abokan aikinsa su biyar suna da benci a kan dandamali, suna da butar dafa ruwa da kofuna a tsohon ɗakin sayar da tikiti. Wata biyu da suka wuce na kawo shawara a kulob cewa aikin bana ya zama gyaran tasha. Aka tafa min, aka amince. Na buga takarda zuwa hukumar tsara birni, na sa hannu, Injiniya ya kai da kansa. A ranar ya zo gidanmu ya ce, "Baba, an gama magana, za a gyara." Tun daga lokacin Baba ya daina kiransa Injiniya, ya koma cewa "yaron nan namu".

To, jiya kulob ɗinmu ya karɓi baƙi, mutum arba'in daga rassan wasu garuruwa. An tsara za mu zaga da su a bas su ga wuraren zamani da na tarihi, ni ce mai riƙe makirfo, kuma tasha ce tsayawa ta ƙarshe.

Tun ƙarfe shida Mama ta faɗo ɗakina. Na shimfiɗa rigar kulob a kan gado, shuɗiya mai tambari a ƙirji, da dogon siket baƙi da takalmi fulat.

"Wannan za ki sa?"

"Ita ce ta kulob, Mama."

"Kamar mai raba maganin sauro gida-gida. Mutumin da iyayensa za su zo jibi zai gan ki a haka gaban abokansa?"

"Kullum a haka yake ganina."

"Shi ya sa har yau kike gidan nan."

Ta buɗe durowata kamar tata, ta zaro leshin nan ruwan hoda mai duwatsu wanda yake cizon wuya. Muka yi ta ja. Ƙarshe aka tsaya a kan doguwar riga ruwan toka, mayafi shuɗi, bajon kulob a kafaɗa. Takalmi kuwa ita ta ci, mai tsini na sa, kuma har yanzu da nake muku rubutun nan ƙafata tana cikin ruwan ɗumi.

A falo na tarar da Baba yana guga da kansa. Tsohon kakinsa na aiki ya fito da shi daga ƙasan akwati, ya goge maɓallan ƙarfen har suna ɗaukar ido, ga hular nan mai baki a gaba, ga usur ɗinsa a sabon zare. Kwat ɗin ta yi masa yawa yanzu, kafaɗunta sun zubo. Kwana uku ya yi yana haddace jawabin da zai yi wa baƙi.

"Sakatare," haka yake kirana, "ƙarfe nawa za ku iso?"

"Uku, Baba."

"Uku ta jirgi ko uku ta kulob?"

Na yi dariya. Wayata ta yi ƙara, Injiniya ne: "Barka da safiya, ranki ya daɗe. A tsayawa ta huɗu na tanadar miki abin mamaki." Na tura masa hoton babban yatsa. Mama da ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Mutum ya ce miki ranki ya daɗe, ki tura masa yatsa. Allah ya shirye ki."

Yawon ya fara lafiya. Na tsaya kusa da direba, na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, makirfo da ɗayan, fayil ɗin kulob a hammata don ba na rabuwa da shi. Muka hau sabuwar gada, na faɗa musu tsawonta, suka ɗaga wayoyi. Muka je lambun shaƙatawa inda famfon nan mai feshin ruwa yake, wanda ba ya aiki sai in za a yi baƙi. Tun ranar Litinin Shugaba ta buga waya aka yi alkawarin kunna shi. Shugaba ita ce shugabar kulob ɗinmu, likitar haƙori ce da ta yi ritaya, ba ta son abin da zai ba ta kunya ko kaɗan. Aka kunna famfo kuwa, ya yi tari sau biyu, ya feso ruwan tsatsa a kan farar rigar wani lauya. Shugaba ta ce, "Mu wuce, mu wuce, lokaci."

Tsohon gidan waya ne na uku, mai jan akwati a ƙofa da sandunan ƙarfe a tagogi. Mai gadin ya yi minti ashirin yana neman makulli, ashe yana wuyansa. Amma da aka buɗe, baƙin nan suka shagala da kallo. Wata dattijuwa ta dafa kantar katako ta ce a irin wannan ta riƙa karɓar wasiƙun mijinta. Na ce a raina, ku bari ku ga tasha, ku bari ku ji Baba.

Tsayawa ta huɗu ita ce sabuwar kasuwar zamani, mai hawa huɗu da matattakala mai tafiya da kanta. Injiniya yana jiranmu a ƙofa cikin farar shadda, ko ƙura ɗaya babu. Kamfaninsu ne ya gina wurin. Ya ja mu har tsakiyar zaure, inda aka ajiye wani babban akwatin gilashi da aka lulluɓe da ƙyalle. Ya kalle ni ya yi murmushi, sannan ya yaye.

Ɗan ƙaramin birni ne aka ƙera da kwali da roba. Ga tituna, ga 'yan bishiyoyi, ga 'yan motoci kamar na wasan yara. "Wannan shi ne tsakiyar garinmu nan da shekara biyu," in ji shi. Baƙi suka tafa. Ni kuwa na sunkuya ina neman abu ɗaya. Na gane gada. Na gane gidan waya da ɗan jan akwatinsa. Na bi titi da ido har inda ya kamata in ga rufin tasha da hasumiyar agogo, sai na ga fili baƙi an ja masa fararen layuka, an jera 'yan motoci a kai. Na sake bi daga ɗaya ɓangaren ko na ɓata hanya. Nan ɗin dai na sake faɗowa.

Na jira ya gama amsa tambayoyi, na ja shi gefe, ƙarƙashin matattakala.

"Ina tasha?"

"Kin gani ko? Mota ɗari shida zai ɗauka. Kuma na sa a rubuta sunan kulob a ƙofar shiga, da sunanki a ƙasa, ke da kika kawo shawara. Shi ne abin mamakin."

"Na ce ina tasha?"

"Ai ita za a cire."

"Gyara muka ce. Gyara aka amince a taro."

"To ai gyaran ke nan." Ko a jikinsa. "In Mama ta ce ki gyara falo baƙi za su zo, gini kike yi? Tarkace kike kwashewa."

"Tashar ce tarkace?"

"Ki duba takardarki, ranki ya daɗe. Ke kika buga."

Na buɗe fayil. Bayanin taro na fara dubawa, da rubutun hannuna: "An amince a gyara tsohuwar tasha." Sai na juya zuwa takardar da ta tafi hukuma: "Kulob ɗinmu yana goyon bayan a gyara wurin tsohuwar tasha, kuma ya tuntuɓi tsofaffin ma'aikatanta, sun yi farin ciki."

Wurin. Kalma ɗaya ce ta ƙaru, kuma na tuna ranar da ta shiga. Ina wurin aiki, safar hannu a hannuna, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina karanta masa abin da na tsara. Ya ce, "Sa 'wurin' a gaban 'tsohuwar', ya fi daɗin karantawa." Na ce to. Na sa. Ni da nake duba sakamakon jini sau uku kafin in sa hannu, ban sake karanta layin nan ko sau ɗaya ba. A gyara tasha, a ɗinke rufi ne a tayar da agogo. A gyara wurin tasha kuwa, ko yaron goye ya san share fili ake nufi.

"Ka san abin da Baba ya ɗauka," na ce.

"Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Na ce za a gyara."

"Ka zauna a falonmu yana ba ka labarin irin fentin da aka yi wa tagogin a da, kana gyaɗa kai."

"Dattijo yana magana, katse shi zan yi?" Ya duba agogon hannunsa. "Hukuma ta ce ba za ta taɓa ginin ba sai wata ƙungiyar jama'a ta nuna ba ta da ja. Kun nuna. Ginin nan rufinsa yana zuba, wata rana zai faɗo a kan tsofaffin nan. Zan sa a yi musu rumfa mai fanka a gefe. Ki kwantar da hankalinki, bayan Asabar zan fahimtar da shi da kaina."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake maganar a hankali, kamar yana lallashin mara lafiya.

Na nufi Shugaba, na same ta tana ƙirga kawunan baƙi. Na nuna mata takardar, na sa yatsa a kan kalmar. Ta cire tabarau, ta mayar.

"Ni fenti na ɗauka za a yi."

"Ni ma, Shugaba."

"Amma ma'aji ya taɓa ce min wurin ajiye motoci zai taimaki gari, na zaci wani wurin yake nufi." Ta dube ni, ta dubi baƙi. Ashe rabin kulob sun tafa wa gyara, rabi sun tafa wa rusau, kowa ya koma gida yana jin ya yi aikin lada. "Don Allah, 'yata, ba yau ba. Kar ki tayar mana da magana a gaban mutane. Mu sallami baƙi tukuna."

A bas na kasa riƙe makirfo. Muka wuce dogon otal ɗin nan mai hawa ashirin da biyu, "Ga otal" kawai na ce. Na zauna a kan matakalar ƙofa na rubuta wa Mama komai. Amsarta ba ta yi minti ɗaya ba.

"Ki rufe bakinki har Asabar ta wuce."

"Mama, rushe ta za su yi."

"Gini ne. Ke mutum ce. Shekara nawa zan yi ina amsa tambayar mutane a kanki?"

"Baba fa?"

"Babanki ni na san yadda zan yi da shi. In kika kunyata yaron nan a gaban jama'a, ni da ke ne."

Na kife wayar a cinyata. Takalmi yana cin ƙafata, mayafi yana zamewa, ga wani baƙo a baya yana tambaya ko tashar tana da banɗaki.

Uku da minti arba'in muka isa, Injiniya yana biye da mu a motarsa. Tun daga nesa na hango su. Su shida a jere a kan dandamali, sun share wurin tas, sun yayyafa ruwa, sun cire ciyawar da ke gaban benci da hannunsu. Baba yana tsakiya cikin kakinsa. Da bas ta tsaya ya ɗaga koriyar tuta ya busa usur, baƙi suka ɗauki tafi da shewa. Ya dube ni ya nuna agogon hannunsa ya ce, "Uku ta kulob."

Jama'a, Baba ya yi jawabi. Ya nuna musu tagar tikiti da katakonta ya lotsa saboda gwiwar hannun mutane. Ya nuna musu sikelin kaya da har yau yake aiki, lauyan nan mai rigar tsatsa ya hau aka yi ta dariya. Ya faɗi shekarar da aka kafa agogon hasumiya, da yadda yake hawa tsani duk Litinin ya wana shi. Ya ba su labarin matar da ta haihu a ɗakin jira, aka tsayar da jirgi minti goma sha biyu, shi ne kaɗai lattin da aka taɓa rubuta masa. Babu wanda ya duba waya. Ni ina gefe na rungume fayil, ina roƙon Allah ya sa ya gama mu tafi.

Sai ya ce, "Yanzu ga albishir." Ya miƙa hannu ya jawo Injiniya kusa da shi. "Wannan yaron, da 'yata, da kulob ɗinku, sun ɗauki nauyin tashar nan. Baɗi in kun dawo za ku ji agogon can yana bugawa." Aka tafa. Injiniya ya sunkuyar da kai irin na mai ladabi. Baba ya juyo gare ni. "Sakatare, takardar tana wurinki ai. Ni ban taɓa ganinta ba. Karanta mana, abokaina su ji da kunnensu, kullum cewa suke ina ƙara gishiri."

Tsohon mai sayar da tikiti, amininsa, ya ce, "E, a karanta."

Aka miƙo min makirfo. Shugaba tana girgiza min kai a hankali. Injiniya ya kalle ni, ya motsa leɓe ba sauti, na kuma gane abin da ya ce: tsallake. Kalma ɗaya ce, in na haɗiye ta babu wanda zai sani, Baba ya koma gida da farin cikinsa, Asabar ta wuce lafiya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi niyya. Na fara karantawa da niyyar tsallakewa. Amma da na iso kanta, ina kallon maɓallan da ya zauna ya goge, sai bakina ya faɗe ta yadda take.

Baƙi suka tafa. Su ba su ji komai ba.

Baba bai tafa ba. "Maimaita layin farko."

Na maimaita.

"Wurin," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a nan ina cewa mutane, ku gyara, jirgi zai wuce. Na san gyara iri biyu ce." Ya saki hannun Injiniya. "Mu ne za mu gyara ke nan?"

"Baba, zan yi maka bayani a gida..." in ji Injiniya.

"A'a, na gane. Me za a sa?"

"Wurin ajiye motoci, Baba. Da rumfa."

"Madalla." Ya juyo gare ni, muryarsa ba ta canza ba. "An ce an tuntuɓi tsofaffin ma'aikata sun yi farin ciki. Mu ne?"

"Ku ne, Baba."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai. Ya naɗe tutarsa a jikin sandarta, ya yi wa baƙi godiya ɗaya bayan ɗaya, ya raka su har ƙofar bas kamar yadda ya saba raka fasinja. Injiniya ya buɗe masa ƙofar mota, Baba ya ce ya gode, ƙafarsa tana son tafiya. Ni ma ban shiga ba. Na cire takalmin da Mama ta sa na saka, na riƙe a hannu, na bi bayansa a kan kwalta mai zafi har gida.

Mama tana bakin ƙofa. Ba sai na faɗa muku abin da na sha ba. Na ji cewa ni baƙin ciki nake yi da kaina, na ji cewa karatu ne ya lalata ni, na ji cewa duk 'yan matan garin nan sun iya yin shiru sai ni. Ta bi ni har ɗaki tana yi, ina cire ɗan kunne tana yi, ina wanke ƙafa tana yi. Da ta gaji ta zauna a bakin gadona ta fashe da kuka, ta ce ita dai tana son ta ga ɗakina kafin ƙafar nan ta kwantar da ita. Wannan ya fi zagin ciwo.

Kafin magariba Shugaba ta kira. Ta yi magana da lauyan kulob. Ana iya janye takardar, amma ranar Litinin ƙarfe goma sha biyu hukuma za ta rufe karɓar ƙorafi, bayan nan sai katafila. Kuma dokar kulob ta ce takardar janyewa sai da hannu biyu: na sakatariya, da na shugaban kwamitin ayyuka.

"Shi ke nan babu wani?" na tambaya.

"Mu muka rubuta dokar, 'yata. Ke kika buga ta."

Na ajiye waya ke nan saƙonsa ya shigo.

"Kin ba ni kunya yau, amma na yafe."

Wani saƙon ya biyo baya.

"Shugaba ta gaya min maganar janyewa. Kamfani zai ji haushina, amma saboda ke zan iya."

Na rubuta, "To ka sa hannu gobe."

"Asabar, bayan iyayena sun tashi daga wurin Baba da amsa mai daɗi. Zan zo da biro."

Na karanta sau uku, wannan karon kalma bayan kalma. Babu inda ya ce sharaɗi ne. Mutumin nan ba ya taɓa faɗin abin da za a kama shi da shi.

Ban san Baba yana tsaye a ƙofar ɗakina ba sai da ya yi gyaran murya. Ya cire kakin, yana cikin tsohuwar jallabiyarsa. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya dawo min da ita.

"Kina son shi?"

Wata bakwai, kuma shi ne mutum na farko a gidan nan da ya yi min wannan tambayar. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Yau dai ba na son ko ganinsa."

"To ki ji. Tasha bulo ce da ƙarfe. Kar ki kuskura ki auri mutum saboda bencina."

"Ni na jawo, Baba. Hannuna ne a takardar."

"Kuskure kika yi, ba a biyan kuskure da aure." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Amma daga yau ki riƙa karanta abin da kike sa wa hannu."

Na ɗauka da wannan maganar zan samu sauƙi. Yau da safe ƙarfe bakwai na fito zan tafi aiki, na gan shi a tsakar gida, babu fulas a hannunsa. Yana ta leƙa bayan firji da ƙarƙashin tebur.

"Me kake nema, Baba?"

"Kwali. Ko akwai wani babba a gidan nan? Zan kwaso mana butar da kofunan, kar a zo da katafila suna ciki. Mai tikiti ya ce zai ɗauki sikeli in an bar shi."

Na ɗauko masa kwalin da aka kawo fanka a ciki. Ya duba ƙasansa, ya ce zai yi, ya saƙale shi a hammata ya fita. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana, tsoho da kwali babu komai a ciki, yana tafiya a hankali a hanyar da ya saba yin sauri.

Na san abin da ya ce min. Na san abin da za ku ce min, ku da kuka ce in amsa da ku da kuka ce in gudu. Amma ku ba ku ga kwalin nan ba. Ban je aiki ba, na koma ɗaki na zauna a ƙasa na jingina da gado, na buɗe saƙon Injiniya. Mama tana kicin tana jan tukwane da ƙarfi don in ji.

Na rubuta masa: "Gobe ƙarfe nawa za su zo? Ka taho da biron."

Ya karanta nan take. Kafin ya gama rubuta amsa na buɗe kwamfuta na fara buga takardar janyewa, kuma wannan karon ni zan zaɓi kowace kalma.